Mene ne asibitin sha-ka-tafi?

Shi ne asibitin da ake duba mara lafiya, a ba shi magani, ya koma gida ba tare da an kwantar da shi ba. Nan ake awon ciki da rigakafin yara da gwajin zazzaɓin cizon sauro. In ciwo ya gagara, sai a tura mutum babban asibiti.

Manufar Najeriya ita ce kowace mazaɓa ta samu aƙalla guda ɗaya mai aiki, kuma Dokar Lafiya ta 2014 ta kafa asusun tallafa wa irin waɗannan cibiyoyi.

Mutanen karkara ne nisa ya fi wahalarwa. Kuɗin acaɓa da lalacewar hanya da damina kan sa mai ciki ko yaro mai zazzaɓi ya zauna gida har ciwo ya tsananta.