Allah Mai Tsarki a Tsakiyar Jama'arsa

Karatu: Fitowa 40; 2 Sama'ila 6; Ezekiyel 11

 Wani ɗan'uwa daga Yara, a cikin Keffi, ya aiko da tambaya. Ya ce su kaɗan ne, suna taruwa a ɗakin haya mai rufin kwano, ba bagade, ba ƙararrawa. Ashe Allah yana tare da su kamar yadda yake a manyan majami'u? Kafin mu amsa, bari mu fara da wata tambaya wadda ta fi wannan nauyi. Ta yaya Allah Mai Tsarki zai zauna tare da masu zunubi ko kaɗan?

Tsarki a Littafi Mai Tsarki ya wuce tsabta. Ma'anarsa keɓewa ne. Allah dabam yake, ba abin da ya yi kama da shi. Mutumin Keffi ya san ba a shiga gaban sarki da takalmi. Musa ma sai da ya tuɓe nasa a gaban kurmin da ke cin wuta, a Fitowa sura 3. Ƙasar wurin ba ta da wani bambanci da sauran ƙasar jeji. Wanda ya sauko wurin shi ne ya tsarkake ta.

Amma wannan Allah ɗin ne ya umarta a kafa masa alfarwa a tsakiyar zangon Isra'ila, kabila uku a kowane gefe, Lawiyawa kuma a kewaye da ita. Farfajiyarta kamu 100 ce a tsawo, kamu 50 a faɗi. A can ciki akwai Wuri Mafi Tsarki, labule ya rufe shi. Babban firist kaɗai ke shiga, sau ɗaya a shekara, ran 10 ga wata na bakwai, kuma ba ya shiga sai da jini. Ga Allah kusa, amma ga labule.

Labarin Uzza yakan dami mutane, ni ma ya daɗe yana damuna. Shanu suka yi tuntuɓe, ya miƙa hannu don ya tare akwatin alkawari, ya mutu nan take. Ina laifinsa? Ku duba Littafin Ƙidaya sura 4 da sura 7. An riga an ce 'ya'yan Kohat ne za su ɗauki kayan nan a kafaɗa, kuma kada a taɓa su. Dawuda da mutanensa suka ɗora akwatin a keken shanu, kamar yadda Filistiyawa suka yi. Sabo ya sa sun raina abin da ya kamata su ji tsoronsa. Wutar lantarki da ke haskaka gida ita ce ke kashe wanda ya kama waya da hannu. Akwatin nan kuwa ya yi wata uku a gidan Obed-edom, gidan ya sami albarka.

Yanzu mu zo ga tambayar ɗan'uwanmu. Mutanen Yahuza sun ɗauka tun da Haikali yana tsaye, Allah ba zai tafi ba. Ezekiyel ya ga ɗaukakar Ubangiji ta tashi ta bar Haikalin saboda gumakan da aka cika shi da su, kuma a shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu Babiloniyawa suka ƙone shi. A cikin sura 11 ɗin nan, aya 16, Allah ya yi wa waɗanda aka kwashe zuwa bauta alkawari cewa shi da kansa zai zama musu wurin sujada a baƙuwar ƙasa. Masu gini sun rasa shi, marasa gini sun same shi. 'Yan'uwa da aka ƙone musu majami'u a Kaduna a 2000, da Jos a 2001, sun yi sujada a fili a gefen toka, kuma wannan aya tasu ce.

Yahaya 1:14 ya yi amfani da kalmar kafa alfarwa game da zuwan Yesu cikin jiki. Da ya mutu, labulen Haikali ya tsage daga sama zuwa ƙasa, Matiyu 27:51. Daga sama, domin ba hannun mutum ba ne. Tsarkin Allah bai ragu ba, jinin da ya isa ne aka zubar. Saboda haka Bulus ya kira masu bi na Korinti haikalin Allah, alhali a gidajen mutane suke taruwa.

To, ɗan'uwa, ɗakin hayarku bai kasa ba. Majami'ar Wusasa ma da ƙasa aka gina ta a 1929. Sai dai ku karanta Ayyukan Manzanni sura 5. Hananiya da Safiratu ba su taɓa wani akwati ba, ƙarya suka yi a kan kuɗin fili a gaban taron masu bi, aka fitar da gawarsu. Idan Ruhu Mai Tsarki yana cikin ɗakin nan, to yana ganin littafin baiko, yana kuma jin abin da ake faɗa a kan wanda bai zo sujada ba.

Mako mai zuwa za mu duba Ranar Kafara. Ku karanta Littafin Firistoci sura 16 kafin lokacin.