Yadda Aka Kori Kurkunu

Ya kai mai karatu, in ka tambayi tsofaffin garinku za su ba ka labarin kurkunu. Cuta ce wadda ba ta da allura, ba ta da maganin sha, amma duk da haka an raba Nijeriya da ita. To, bari ka ji yadda aka yi.

Asalinta ruwan tafki ne. A cikinsa akwai waɗansu ƙwari ƙanana masu ɗauke da 'ya'yan tsutsar. In mutum ya sha su, bayan kamar shekara guda sai tsutsa ta ɓullo, yawanci a ƙafa, tsawonta ya kan kai yadi guda. Wurin ya yi ta zugi kamar wuta. Mai ciwo ya tsoma ƙafa cikin tafki don ya ji sanyi, ita kuwa ta zuba 'ya'yanta a ciki. Ka ga ya shuka wa maƙwabtansa ciwon baɗi ke nan.

Talauci shi ne babban mataimakinta. A ƙasar Hausa da damina ta fi fitowa, lokacin da manomi ba shi da ranar zubarwa. Ya kwanta makonni, ciyawa ta cinye gona, rumbu ya kwana wofi. Wanda ba shi da hatsi, ina zai sami kuɗin gina rijiya? Waɗansu kuma suka ɗauka sammu ne, saboda haka ba su zargi ruwa ba.

A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan uku da rabi ke fama da ita a duniya. A ƙidayar 1988 an sami fiye da 650,000 a Nijeriya kaɗai. Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, ya tsaya kan aikin, Janar Yakubu Gowon kuma ya yi ta zaga ƙauyuka yana roƙon hukuma ta haƙa rijiyoyi. Aka raba wa mata ƙyallen tace ruwa, gama su ke cika randa. A kowane ƙauye aka naɗa ɗan gari mai lura, domin mutane sun fi jin maganar nasu. Aka hana mai ciwo shiga tafki.

Daga 2008 ba a sāke kamuwa da ita a Nijeriya ba. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijeriya da Nijar sun rabu da ita. A 2023 mutum 14 kaɗai aka samu duk duniya, yawancinsu a Chadi.

To, ka ji. Likita shi kaɗai ba ya korar cuta, sai mai mulki da mai gona da uwar gida sun sa hannu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.