Tsohuwar Jidda a Idon Matafiyi Daga Ƙasar Kano

Gabatarwa

Mutumin Gwarzo ko na Kabo ɗan tudu ne. Babban ruwan da ya tashi ya sani shi ne rafi da damina, sai kuwa madatsun ruwa irin na Guzuguzu da Magaga waɗanda gwamnatin Jihar Kano ta gina. Amma duk da haka akwai tashar jiragen ruwa guda ɗaya wadda da wuya a sami ƙauyen da ba a san sunanta ba a wannan yanki, watau Jidda, da ke gaɓar Bahar Maliya. Kowace shekara mutane na bin hanyar Gwarzo, su ratsa Kabo su isa Kano, su hau jirgin sama, cikin awa biyar ko ƙasa da haka su tsallake tafiyar da ta wuce kilomita 3,000. Galibinsu abin da suka sani game da Jidda bai wuce filin jirgi da kasuwar tsaraba ba.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a nuna cewa tsohon garin Jidda, wanda mutanensa ke kira Balad, wuri ne da ya cancanci a tsaya a karanta shi kamar yadda ake karanta littafi, domin a cikinsa akwai wani babi na tarihin Hausawa, akwai kuma darasi game da yadda tsofaffin garuruwa ke rayuwa da yadda suke mutuwa.

Asalin tashar

A shekara ta 26 bayan Hijira, wajen 647 ke nan, Halifa Usmanu ɗan Affan ya mai da Jidda tashar jiragen ruwan Makka a maimakon Shu'aiba. Tsakanin Jidda da Makka kamar tsakanin Gwarzo da birnin Kano ne, kilomita 70 da 'yan kai. Tun daga lokacin garin ya ɗauki aiki biyu: sauke mahajjata, da sauke hajar Indiya da Yaman wadda ake wucewa da ita Masar.

Wurin ba shi da daɗin zama. Babu kogi, ruwan sama kaɗan ne, kuma duwatsun murjani sun tare bakin tekun, har ya zama manyan jirage sai su tsaya can nesa, a kwashe mutane da kaya a ƙananan jiragen katako. Ruwan sha kuwa sai wanda aka tara a tankunan ƙarƙashin ƙasa. A farkon ƙarni na 20 aka kafa injin tace ruwan teku, wanda mutanen gari suka yi wa laƙabi da Kindasa, kuma sai a 1947 aka jawo ruwa da famfo daga Wadi Fatima. Ashe ke nan ba albarkar ƙasa ta kafa Jidda ba, hanya ce ta kafa ta.

Bayan da Turawan Fotugal suka gano hanyar Indiya ta teku a 1498, suka fara barazana ga Bahar Maliya, sai Sarkin Masar Ƙansuh al-Guri ya sa aka kewaye garin da ganuwa a farkon ƙarni na 16. A 1517 jiragen yaƙin Fotugal suka iso, suka koma ba su ci garin ba. Buɗe mashigin Suwes a 1869 da zuwan jirage masu aiki da tururi su suka kawo arzikin da aka gina yawancin manyan gidajen da ake gani a yau.

Yadda kakanni suka isa can

A dā hanyar hajji daga ƙasar Hausa ta arewa take bi, ta Agadas da Fezzan zuwa Alƙahira. A ƙarni na 19 hanyar gabas ta fara ƙarfi, ta kuma cika maƙil bayan 1903, shekarar da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi yana kan hanyar hijira zuwa gabas. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yanzu a bakin kogin Nilu.

Manomi daga yammacin Kano kan sayar da abin da ya mallaka bayan kaka, ya kama hanya da iyalinsa a ƙasa ko bisa jaki, ta Barno, da Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, da Abeshe, da Fashir, zuwa Ubayyid. Guzuri ba ya kai mutum; sai a tsaya a yi ƙodago, a yi noma, a yi ɗinki ko wanzanci, a tara abin da za a ƙara gaba. Bayan da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, dubban Hausawa sun yi tsinkar auduga a can don neman kuɗin jirgi. Tafiyar kan ci shekara uku, ko bakwai, ko fiye, wasu kuwa ba su kai ba, ba su kuma komo ba. A 1948 wasu attajiran Kano suka fara jigilar maniyyata da manyan motoci, daga baya jirgin sama ya karɓe aikin.

Ƙarshen tafiyar ƙasa shi ne Sawakin, tashar da ke gaɓar Sudan. A nan ake tsare mutane a duba lafiyarsu kafin su tsallaka, domin tun bayan annobar kwalara ta 1865 hukumomi suka tsananta killace mahajjata. Sunan unguwar Karantina da ke kudancin Jidda, inda baƙaƙen fata da yawa suka zauna, daga wannan killacewa ya samo asali. Waɗanda suka tsallaka suka rasa kuɗin komowa sun zauna a bukkoki a bayan ganuwa suna dako da ga-ruwa, mutanen ƙasar na kiransu Takari.

Abin da matafiyi zai gani

Abu na farko da zai ba baƙo mamaki shi ne tsohuwar tashar ba ta taɓa ruwa a yau. An cike bakin tekun da ƙasa an yi tituna da dogayen gine-gine, ginin Bunt kuwa, inda mahajjata ke sauka a dā, ya koma cikin gari. Ganuwar ma an rushe ta a 1947 don garin ya sami wurin faɗaɗa. Ƙofar Makka da ake gani yanzu sake gina ta aka yi. Amma tsarin unguwannin nan huɗu yana nan: Sham a arewa, Yaman a kudu, Mazlum a tsakaninsu, da Bahar ta wajen teku. Wanda ya taso daga wajen teku ya bi ta kasuwar Alawi ya ɓulla ƙofar Makka, ya taka sawun da mahajjata suka yi ƙarnuka suna bi.

Abu na biyu shi ne gidajen, masu hawa huɗu ko biyar, waɗanda aka gina da dutsen murjani da ake sarowa a bakin teku. Dutsen ba shi da ƙarfi sosai, saboda haka magina kan shimfiɗa itace a cikin bango bayan kowane 'yan layuka, don ya raba nauyi. Wanda ya san aikin azara a ginin tubali ba zai rasa gane wannan dabara ba. A fuskar gidajen akwai manyan tagogin katako masu rariya da suka turo waje, ana kiransu rawashin, katakonsu kuwa daga Indiya da tsibiran Jawa jirage suka kawo shi.

A nan ya kamata ɗalibi ya yi kwatanci. Zafin ƙasar Kano busasshe ne, dare kuma yakan yi sanyi, don haka magini ya yi bango mai kauri da 'yar ƙaramar taga, ɗaki ya riƙe sanyin dare har rana. Zafin Jidda kuwa mai gumi ne, dare ba ya kawo sauƙi, babu magani sai iska. Shi ya sa aka miƙe gini sama, aka buɗe fuskarsa, iskar teku ta ratsa, rariyar ta tare rana, matan gida su ga titi ba a gan su ba. Matsala iri ɗaya ce, watau zafi da sirrin gida, amma kowace ƙasa da amsar da ta dace da ita.

Gidan da ya fi shahara shi ne na Nasif, wanda aka gina tsakanin 1872 da 1881, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka sa'ad da ya shiga Jidda a ƙarshen 1925. A ƙofarsa akwai tsohuwar darbejiya, irin wadda ke bakin kowace hanya a Gwarzo, amma ana ba da labari cewa a wani zamani ita kaɗai ce bishiya a cikin garin. Akwai kuma masallacin Shafi'i a unguwar Mazlum, ɗaya daga cikin mafiya tsufa. Lokacin da ya fi kyau a zaga shi ne bayan la'asar zuwa dare, sa'ad da rana ta yi sanyi kasuwa ta ci. Mai Umra ya fi mai Hajji samun sukunin yin haka.

Darasin Sawakin

Sawakin ma da irin wannan dutse aka gina ta, da irin waɗannan tagogi. Amma mashigarta ta yi wa manyan jirage ƙunci, sai Turawa suka kafa sabuwar tasha, Bur Sudan, suka buɗe ta a 1909. Fatake suka kwashe suka koma can. Ginin murjani kamar ginin ƙasa ne: in an daina yi masa shafe, danshi da gishiri sai su cinye shi. Cikin 'yan shekaru gommai tsibirin ya zama kufai.

Jidda ta kusa bin wannan hanya. Da arzikin man fetur ya zo, masu gidajen suka ƙaura zuwa sababbin unguwanni, suka bar wa 'yan haya, gobara da rushewa suka ci gidaje da dama. Abin da ya cece ta shi ne kasuwarta ba ta mutu ba, hukuma kuma ta farga. A 2014 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya, kuma tun daga 2018 akwai shiri na musamman da ke gyaran gine-ginensa, waɗanda suka haura 600.

Kammalawa

Matafiyin da ya ga wannan zai komo gida da abin da ya fi tsaraba. Ganuwar Kano, wadda aka fara a zamanin Sarki Gijimasu, ta girmi ta Jidda da shekara kusan 400, kuma tun 2007 take cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman a ba su irin wannan matsayi, alhali gine-gine da haƙar ƙasa na ta cin ta. Haka tsofaffin zauruka da masallatan ƙasa na garuruwan yammacin Kano ke zubewa ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikacin ƙaramar hukuma da ke sa hannu a takardar fili, da ɗalibin da ke da kakan da ya je Makka a ƙasa amma ba a rubuta labarinsa ba, kowannensu na da rabonsa a wannan aiki. Jidda ta rushe ganuwarta a 1947, ta kuma koma tana kashe dukiya don ceto abin da ya saura. Gyaran bango tun yana tsaye ya fi sauƙi, ya kuma fi araha.