Da Za a Matse Duniya Ta Koma Kamar Dabino

Mutanen Gantsa da sauran garuruwan Buji, mutanen Dutse da Birnin Kudu, ina gaisuwa. Shirinmu na yau na lissafi ne da sararin samaniya, amma don Allah kada kowa ya murɗa rediyonsa, domin da tambaya zan fara, kuma ko ba alƙalami za a iya gwada ta.

Ga 10. A raba ta gida biyu, yadda in aka ninka kashi ɗaya da ɗayan za a sami 40. To, bismilla. 5 sau 5, 25. 6 sau 4, 24. 7 sau 3, 21. Kun ji ƙasa ake ta yi. Duk yadda ka raba ta, ba za ka wuce 25 ba, balle ka kai 40.

Wanda ya kawo wannan tambaya wani likita ne ɗan Italiya, Girolamo Cardano, a littafinsa na aljabara da aka buga a 1545. Mutum ne mai ban mamaki: likita, masanin taurari, kuma ɗan caca na a-zo-a-gani, har littafi ya rubuta kan lissafin sa'a a caca. Shi da kansa ya san tambayar ba ta da amsa a lambobin da muka sani. Amma sai ya ce bari dai ya bi ƙa'idar lissafi ido rufe, ya ga inda za ta sauke shi. Ta kuwa sauke shi a wani baƙon wuri.

Ku biyo ni a hankali. Saiwar lamba ita ce lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka waccan. Saiwar 9 ita ce 3, saiwar 25 ita ce 5. Akwai kuma lambobin ƙasa da sifili, waɗanda masanin Indiya Brahmagupta, tun a shekarar 628, ya kira bashi, na sama da sifili kuma ya kira su dukiya. A ƙa'ida, dukiya sau dukiya dukiya ce, bashi sau bashi ma dukiya ce. Ke nan babu lambar da za ka ninka da kanta ta ba ka bashi. Babu ita. Amma amsar da ta fito wa Cardano ita ce: 5 a ƙara saiwar bashin 15, da kuma 5 a cire saiwar bashin 15. Haɗa su, 10 cif. Ninka su, 40 cif. Abin da babu shi ya shiga lissafi, ya yi aiki, ya fita ba wanda ya kama shi. Cardano ya rubuta amsar, sannan ya yi mata hukunci cewa wayo ne marar amfani, ya wuce. A 1572 wani injiniya mai aikin janye ruwan fadama, Rafael Bombelli, ya tsara mata dokoki, daga baya Leonhard Euler ya ba saiwar bashin 1 harafin i, wanda ɗalibanmu ke gani a allo yau.

To, mu ajiye wannan, mu ɗaga kai sama.

Lita ɗaya ta ruwa kilo 1 ce. Da za ka sassaƙo lita ɗaya daga irin duwatsun da suka kewaye garin Dutse, za ta yi wajen kilo 2.7. Baƙin ƙarfe kuwa kusan kilo 8. Duniyar Makyuri, wadda Larabawa ke kira Uɗarid, ita ce ƙarama a cikin duniyoyi takwas masu zagaya rana, faɗinta wajen kilomita 4,880, amma kowace lita tata kilo 5.4 ce, saboda cikinta kusan duk ƙarfe ne, dutsen ɗan ɓawo ne a sama. A 2021 an gano wata duniyar mai suna GJ 367 b, mai zagaya wani tauraro daban, ba ta kai tamu girma ba, shekararta ba ta cika awa 8 ba, kuma litarta ta kai wajen kilo 10. Irin wannan ƙarfe na sama ya taɓa sauka kusa da mu ma: a watan Afrilun 1984 wani dutse mai cike da dunƙulallen ƙarfe ya faɗo a yankin Gujba, wanda yanzu yake Jihar Yobe.

Me ya haɗa wannan da Cardano? Ga shi. Kafin abu ya kuɓuce wa janyowar duniyarmu, sai ya yi gudun kilomita 11.2 a daƙiƙa. In ka matse duniyar, nauyinta bai ragu ba amma ta ƙanƙance, gudun kuɓutar ƙaruwa yake. Einstein kuma ya nuna a 1915 cewa inda janyowa ta fi ƙarfi, agogo ya fi tafiya a hankali. Wannan ba tatsuniya ba ce. Agogunan taurarin ɗan'adam na GPS, masu nuna maka hanya a waya, suna rigan namu da wajen kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa kowace rana, kuma sai an gyara musu.

Wanda ya fitar da lissafin wannan jinkiri shi ne Karl Schwarzschild, Bajamushe, yana sanye da kakin soja a fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya aika wa Einstein a wasiƙa, ya rasu a watan Mayun 1916. A lissafin nasa akwai saiwa. Ka raba gudun kuɓuta da gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, ka ninka sakamakon da kansa, ka cire daga 1, ka ɗauki saiwar abin da ya rage. A nan Buji abin da ya rage kusan 1 ne, shi ya sa ba ma lura. Amma matse duniya, ka ƙara matsewa, da tekunanta da duwatsunta, har faɗinta ya koma milimita 18, ba ta kai dabino ɗaya na Dutse ba. A nan gudun kuɓuta ya kamo na haske, abin da ya rage sifili. Ƙara shiga ciki kaɗan, sai bashi. Saiwar bashi ta dawo.

Na ji masu cewa wai wannan ƙofa ce ta wata duniyar gaibu. Ni dai ban yarda ba, masana ma ba haka suka ce ba. Lissafin yana tambayar yadda agogon mutumin da ke tsaye cik a wurin zai tafi, kuma a can ciki ba mai iya tsayawa, ko haske ciki yake gangarawa. Wannan shi ne baƙin rami. A nan saiwar bashi gargaɗi ce cewa tambayar ta ɓaci.

Amma fa a wani wurin ita ce ginshiƙi, kuma ga shi lokaci na hararata, don haka a gurguje. Lissafin da Erwin Schrödinger ya kawo a 1926, mai bayanin halin ƙananan ƙwayoyin zarra, da harafin i a cikinsa ƙuru-ƙuru. Wannan ilimi ne ya bayyana abin da ke hana ƙarfen cikin Makyuri durƙushewa, da abin da ke riƙe da ɗan tauraron da ke zagaya Shi'ira, tauraron nan da aka ambata a Suratun Najmi. Girman ɗan tauraron kamar duniyarmu, nauyinsa kamar rana, cokali ɗaya nasa ya fi tan guda. Masu aikin wutar lantarki ma da wannan lamba suke lissafinsu kullum.

Saboda haka malamanmu na sakandare a Buji da kewaye, in yaro ya tambayi saiwar lambar ƙasa da sifili, kada a ce masa babu a wuce. A ce masa akwai, a nuna masa ko layi biyu ne, sauran zai tarar a Jami'ar Tarayya ta Dutse in Allah ya kai shi.