Gishiri Ya Danne Kifi A Tukwanen Malanville

Jama'a, Allah Ya yi wa Malanville arzikin abinci. Ga shinkafa a fadama, ga albasa buhu-buhu a kasuwa, ga kifin kogin Kwara, daga ragon ruwa har tarwaɗa. To amma mu leƙa tukunya. Uwargida ta murje dunƙulen Maggi uku, ta bi da gishiri, ta antaya attarugu, har ɗanɗanon kifin ya ɓace. Laifin ba nata kaɗai ba ne, mu magidanta ne ke cewa miya ta yi salam.

Mutanen Kanton da ke kudancin ƙasar Sin turara kifi suke yi da citta da ganyen albasa da ɗan ruwan waken soya. A wurinsu kifin da ya kwana shi ake ɓoyewa da yaji.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a rana ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali guda. Kusan rabin dunƙulen nan kuwa gishiri ne, hawan jini kuma ba ya sallama. Daddawar kalwa da busasshen kifi suna nan a kasuwarmu, a jefa su a rage dunƙule zuwa ɗaya.