Baƙin fim: abin da finafinan daba na Kannywood za su koya daga Amurka ta 1940

Duk wanda ya taɓa bin tirelar shanu daga Bauchi zuwa Agege ya san dare yana da tsawo, kuma abokin hira shi ne waya. A irin wannan tafiya na fara lura da abin da yara 'yan rakiyar shanu suka fi kallo: finafinan daba, irin su A Duniya da Sanda, inda Daddy Hikima, wato Abale, yake tashe. Ku da ke Sabo ta Ibadan ko Shagamu, ku leƙa wayoyin ƙannenku, abin da za ku tarar ke nan.

A 2021 hukumar tace finafinai ta Kano, zamanin Isma'ila Na'abba Afakallah, ta hana finafinan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. Wasu suka ce an kyauta, wasu suka ce an kashe kasuwa. Ni abin da ya faɗo mini a rai daban ne, domin an taɓa yin irin haka a Amurka.

A farkon shekarun 1930 finafinan 'yan ta'adda ne ke ci a can, irin su Little Caesar na 1931 da Scarface na 1932: harbe-harbe da ɗan iskan gari da ya zama mai kuɗi. Malaman coci da iyaye suka yi ca. Daga 1934 aka tsaurara dokar tacewa da ake kira dokar Hays, wadda ta ce ba a nuna dabarun aikata laifi dalla-dalla, kuma mai laifi ba ya cin riba a ƙarshe. To, da aka hana su nuna jini, sai masu fim suka koma nuna zuciya. Ga kuma daraktoci da suka baro Turai saboda Hitila, irin su Fritz Lang da Billy Wilder, sun zo da salon ɗaukar hoto cikin duhu da inuwa. Wani mai sharhi ɗan Faransa, Nino Frank, shi ya raɗa wa salon suna a 1946, ya ce fim nuwar, ma'ana baƙin fim.

A baƙin fim, mai laifin ba ɗan daba ba ne mai zane a fuska. Ɗauki Double Indemnity na 1944. Wani ma'aikacin inshora ne, mutum kamili a ido, ya haɗu da matar wani, suka ƙulla yadda za su kashe mijin su ci kuɗin inshorarsa. Fim ɗin yana farawa da shi da harbi a jiki, yana zaune a ofis cikin dare yana faɗin abin da ya aikata. Tun minti na farko ka san ya hallaka, abin da ke riƙe ka shi ne ganin yadda ya zame kaɗan-kaɗan. Mu 'yan kara mun san irin wannan mutum. Ba ɓarawon daji ne ya fi karya fatake ba, dillalin da kuka shekara goma kuna cin tuwo tare ne, wanda wata rana la'ada ta daina isar sa.

Da dokar Hays ta faɗi a 1968, salon ya dawo da sabon jini. A Chinatown na 1974, mai bincike yana bin zancen cin amanar aure, sai ya tarar da attajiri yana sace ruwan birnin Los Angeles. Kuma attajirin ya sha, ba a kama shi ba. Wanda ya fito a attajirin, John Huston, shi ne daraktan The Maltese Falcon na 1941, ɗaya daga cikin na farko-farkon salon. A nan gida ma, King of Boys na Kemi Adetiba, 2018, ya bi wannan hanya, ya nuna igiyar da ta ɗaure 'yan iskan Legas da masu neman kujera.

Nan ne nake ganin namu suka gaza. Mafi yawan abin da na kalla yana tsayawa kan yaron da ke riƙe da adda: takunsa, kirarinsa, yadda ake gudu in ya fito. Shi ya sa yara ke kwaikwayo. A Bauchi kuwa kowa ya san 'yan sara-suka ba daga sama suka faɗo ba, kuma kowa ya san lokacin da suka fi tashe, wato in zaɓe ya ƙarato. Wa ke sayen ƙwayar? Wa ke zuwa beli da daddare? Wace mota ce ke tsayawa a bakin lungu ba ta kashe inji? Wannan labarin ba ya buƙatar a nuna sara ko ɗaya, balle hukumar tacewa ta samu abin yankewa.

Kuma wallahi ba sai da kuɗi mai yawa ba. Yawancin baƙaƙen finafinan nan da ƙaramin jari aka yi su, duhun ma yana taimakawa wajen ɓoye rashin kayan ado. Mu da wuta ke ɗaukewa kullum, lungunan Jahun da Bakin Kura da tocilan mai shayi sun ishi duk mai kyamarar da ya san abin da yake yi.