Kiristocin Gulbin Maraɗi da iyakar da suka shata wa kansu

Ran Lahadi da hantsi, wanda ya ratsa wasu unguwannin Maraɗi, ko Tsibiri, ko Danja, yakan ji waƙa tana fitowa daga wani ɗaki mai rufin kwano. Da Hausa ake yin waƙar, muryoyin kuwa na Gobirawa ne da Katsinawa. Idan aka tashi, maza su fito da riguna da huluna, mata da zane da kallabi, a tsaya bakin ƙofa ana tambayar gida da gona da lafiyar yara. Baƙon da ya gamu da su a kasuwa ba zai iya ware su daga sauran jama'a ba. Sunayensu ma ba su cika tona su ba, gama akwai Ibrahim da Musa da Dauda da Maryama a kowane ɓangare, sai fa in an ji Bulus ko Istifanus.

Waɗannan su ne Hausawa Kirista na Nijar. Ba su da yawa: ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kiristocin ƙasar duka, har da baƙin da suka zo daga ƙasashen bakin teku, ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. Addininsu yana koya musu cewa mai bi ya zauna cikin duniya, amma kada halin duniya ya mallake shi. Faɗin wannan magana a majami'a abu ne mai sauƙi. Aiki da ita a ƙauyen da kakanka ya haƙa rijiyarsa, inda liman ɗan'uwan uwarka ne, shi ne abin da waɗannan mutane suka yi kusan shekara ɗari suna fama da shi.

Mafarin al'amarin

'Yan mishan na ƙungiyar SIM sun sauka Damagaram a 1924, bayan 'yan shekaru suka kafa mazauni a Tsibiri, garin Sarkin Gobir. Turawa ne masu magana da Ingilishi, yawancinsu daga Amurka da Kanada, saboda haka hukumar Faransa ta riƙa yi musu kallon tuhuma. Wa'azi a bakin kasuwa bai kawo musu mutane da yawa ba. Abin da ya buɗe musu ƙofa shi ne magani. An buɗe asibitin Galmi a 1950, a kan hanyar Ƙonni zuwa Madawa, aka kuma kafa wurin jinyar kutare a Danja, kudu da Maraɗi, cikin shekarun 1950. Da dama daga cikin masu bi na farko daga nan suka fito: kuturun da dangi suka ƙyamata, maraya, yaron gidan Bature, da waɗansu Arna waɗanda ba su riga sun musulunta ba. A farkon shekarun 1960, lokacin da ƙasa ta sami 'yancin kanta, ikilisiyar ta sami nata suna da shugabanninta 'yan ƙasa, ita ce ake kira EERN. Katolika ma suna nan da tasu hanya, kuma tun 2001 Maraɗi take da bishop nata.

Akwai abu guda da ya kamata ɗalibin yaƙi da jahilci ya sani. An buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausar boko a 1932, kuma 'yan mishan sun nace kowane mai bi ya iya karanta shi da kansa. Don haka tun kafin gwamnati ta buɗe azuzuwan manya, akwai manoma da matan aure a kewayen Tsibiri da suke haɗa baƙi da wasali. Sai dai mishan ɗin ya daɗe yana jan ƙafa wajen buɗe lakwal ta Faransanci, don tsoron kada yara su yi ilimi su bi duniya. Wannan tsoro ya cuci masu bi na farko ƙwarai, domin takardar lakwal ita ce ƙofar aikin gwamnati, 'ya'yansu kuwa sun makara wajen samunta.

Abin da aka hana, da abin da ya dawo

Dokokin farko suna da tsanani. An hana giya da taba. An hana laya da guru da shan rubutu, da zuwa wurin boka ko 'yan bori, da yanka wa iskoki dabba a gindin tsamiya. An hana aikin gona ran Lahadi. An kuma hana kiɗa da rawa da roƙo, domin a kunnen Bature kowace ganga ta bori ce. Waƙoƙin majami'a na lokacin fassara ce daga Ingilishi, ana rera su da karin da bai dace da hawa da saukar muryar Hausa ba.

Da tafiya ta yi nisa, sai masu bi da kansu suka shiga tankaɗe da rairaya, suna raba abin da yake na addini da abin da yake al'adar Bature kawai. Ganga ta dawo, kuma mata ne suka dawo da ita. Ƙungiyarsu da ake kira zumuntar mata, wadda ta yi ƙarfi a majami'un arewacin Najeriya kafin ta bazu a nan, ta shigo da tulu da caki da ganga, da waƙoƙin amshi irin na daka da niƙa, da zane iri ɗaya ran taro. Wanda ya ji su daga nesa zai ɗauka gidan biki ne. Suna ma ya tsaya a inda yake: ana taruwa da sassafe, a raba goro, a yanka rago idan da hali, sai dai fasto ne yake addu'a ya faɗi sunan jariri.

Laya kuwa ba ta dawo ba. A nan iyakar ta tsaya daram, kuma a nan ake gwada mutum. Muddin gida lafiya, barin laya ba wuya. Ranar da yaro ya kwanta da zazzaɓi, aka kai shi likita bai ji sauƙi ba, kaka ta zo da ƙullin magani daga wurin boka tana kuka tana cewa a taimaki jikanta, ranar ce uban yaro zai san ko shi mai bi ne. Idan ya ƙi, yaron kuma ya rasu, har abada za a riƙa nuna shi da baki. Haka nan manomin da ya ƙi fita gayya don ta faɗo ran Lahadi, ya san ranar da tasa gayyar ta zo za a tuna masa. Masu hikima daga cikinsu sukan je ran Asabar ko Litinin su yi wa mai gonar noman yini guda, don kada bashin zumunci ya kwana a kansu.

Mace ɗaya

Babu inda bambancin ya fi fitowa fili kamar sha'anin aure. Kirista mace ɗaya yake aure, kuma saki ba abin wasa ba ne a wurinsa. A ƙasar da ake auna girman maigida da yawan iyalinsa, wannan doka tana da nauyin da mutumin Turai ba zai gane ba.

A ɗauki magidancin da ya shekara goma da matarsa, Allah bai ba su haihuwa ba. Uwarsa za ta kira shi ɗaki ta ce: «Ɗana, so kake sunan ubanka ya ɓace? Ga 'yar ƙanena nan ta isa aure.» Gwaggo za ta zo da tata, abokai su yi masa ba'a a dandali cewa mace ta mallake shi. Ba ƙiyayya ce take sa su faɗin haka ba, a ganinsu ceto suke yi. Idan ya ƙara aure, ikilisiya za ta dakatar da shi daga cin jibin Ubangiji, ta sauke shi daga kowane muƙami. Idan ya ƙi, zai tsufa ba mai taya shi noma, gonarsa kuma ta koma hannun 'ya'yan 'yan'uwa. Akwai waɗanda suka jure har ƙarshe, suka ɗauki riƙon marayu. Akwai kuma waɗanda suka gaza, suka bar majami'a a hankali ba tare da faɗa da kowa ba.

Matsalar da ta fi wannan ɗaci ita ce ta mutumin da ya karɓi addinin yana da mata biyu ko uku. Ƙa'idar 'yan mishan ita ce ba a yi masa baftisma sai ya rage saura ɗaya. To, wace za a kora? Uwargidan da ta sha wahala da shi tun yana saurayi, ko amaryar da take goyo? Matar da aka sallama ba ta yi laifin kome ba, amma ita ce take ɗaukar kayanta ta koma gidan ubanta, sau da yawa ta bar 'ya'yanta a baya. Dokar da aka kafa don kare mutuncin mace, a nan mace ce ta biya kuɗinta. Dattawan ikilisiya da yawa sun ga haka, shi ya sa waɗansu magidanta suka zaɓi su zauna a bencin baya shekara da shekaru, suna sujada ba baftisma, da dai su wulaƙanta uwar 'ya'yansu.

Ga kuma ƙarancin abokin aure. A ƙauyen da gidajen Kirista ba su wuce uku ba, duk 'yan matan da saurayi ya sani ƙannensa ne ko 'ya'yan baffansa. Dole a nemi aure a nesa, a Galmi, ko Damagaram, ko Yamai, ko a ƙetara iyaka zuwa ƙasar Katsina da Kano. Tarurrukan matasa na ikilisiya, ban da wa'azi, wannan aiki ma suna yi, ko da ba a rubuta shi cikin tsarin taro ba.

Tuwon maƙwabci

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka waɗannan mutane sun gina katanga sun shige ciki. Matar Kirista a Maraɗi tana cikin biki kamar kowace mace: ta kai gudummawa ran aure ko suna, a riƙe lissafi, ranar nata sha'anin a mayar mata da ƙari. Macen da ta fita daga wannan zagaye ta zama marainiya ko da iyayenta suna raye, kuma babu faston da ya isa ya fitar da ita. Ran Babbar Salla yara suna shigowa da naman layya a kwano, yawancin gidaje suna karɓa da godiya. Ran Kirsimeti kwanonin su juya. Maigida Kirista yakan kira maƙwabcinsa Musulmi ya yanka masa ragon, don kowa a unguwa ya ci ba tare da shakka ba. Cikin watan azumi, mai hankali ba ya tsayawa bakin hanya da rana tsaka yana kurɓar fura. Ba dokar majami'a ce ta hana shi ba, kunya ce irin wadda aka yi masa tarbiyya da ita.

Wannan zama ya sha girgiza. A watan Nuwamba na 2000, zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA ta rikiɗe a Maraɗi, aka kai wa wata majami'a hari. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, bayan zanen ɓatanci da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faransa, aka ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka rasa rayukansu, gwamnati ta sa kwana uku na makoki. Waɗanda aka ƙona wa wuraren ibada ba su san mai zanen ba, ba su taɓa ganin jaridar ba. Laifinsu shi ne an ɗauke su wakilan Turawa, alhali kuwa kakanninsu a Gobir da Katsina da Damagaram aka binne su. A cikin waɗannan kwanaki an sami Musulmi da suka buɗe ƙofofinsu suka ɓoye maƙwabtansu, malamai kuma suka fito suka yi tir da abin da ya faru.

Sabbin majami'un da suka shigo daga kudu tun shekarun 1990, masu lasifika da wa'azi mai zafi, sun ƙara wa al'amarin wani launi. Tsofaffin masu bi, waɗanda suka koyi riƙe addininsu cikin natsuwa, ba kullum suke jin daɗin wannan salo ba, gama su ne za su kwana a unguwar bayan mai wa'azi ya naɗe kayansa ya tafi.

Gado da kabari

Ranar mutuwa ce take fito da iyakar a fili, yadda ba mai iya kau da kai. A fiƙihun Malikiyya da ake bi a ƙasar nan, bambancin addini yana hana gado. Ɗan da ya zama Kirista yana iya wayi gari ba shi da rabo a gonar ubansa. A ƙauyuka da dama 'yan'uwa sukan kau da ido su yanka masa nasa, ko uban ya ba shi kyauta tun yana da rai don ya kashe gardama. A waɗansu gidajen kuwa ana bin hukuncin yadda yake, mutum ya tattara iyalinsa ya koma birni neman aikin gadi ko dako.

Maƙabarta ma dabam take. 'Yan'uwa biyu da suka sha nono ɗaya, suka yi noma a gandu ɗaya, ba za su kwanta wuri ɗaya ba. Idan Kirista ya rasu, danginsa Musulmi sukan zo su tsaya daga gefe har a gama addu'a, waɗansu su kama a haƙa kabarin. Idan Musulmi ya rasu, ɗan'uwansa Kirista yakan raka gawa, ya ja baya lokacin da aka yi sahu don salla, sa'an nan ya matso a zuba ƙasa da shi. Kirista ba sa yin sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, amma suna shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, a zauna karɓar gaisuwa. Liman yakan zo, mai unguwa yakan zo, mata su shiga ciki da ƙwaryar hatsi. Mai gaisuwa ya durƙusa ya ce Allah ya ba da haƙuri, mai gida ya amsa da amin, a matsa a ba na bayansa wuri.